Tagogin Iya ta Sama

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, masu cewa in fito muku da wanda ya kai ƙarar Iya ta Sama ku ci mutuncinsa. Kun zagi Mai Bene, kun zagi ɗanta, har mai gadi bawan Allah bai tsira ba. To ku gyara zama. Ni kaina da na gama rubuta shafin nan sai da na ajiye waya na yi tagumi.

*

Ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye bai ɗauke ba. A ɗakin ƙasa, inda Mai Labule take haya da mijinta da 'yan biyunsu, bango ya sake jiƙewa, fenti ya kumbura yana ɓarewa daga gindi. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma katangar maƙwabta take kallo, shi ya sa ko da rana tsaka sai ta kunna ƙwan lantarki kafin ta iya zura zare a allura.

Yau za a tafi da Iya ta Sama. Tsohuwar ma'aikaciyar jinyar nan da ta tsufa a saman benen, wadda duk gidan suke kira Iya, babban ɗanta zai zo da mota ya kwashe ta zuwa garin da yake aiki. Ba da son ranta ba ne. Mai Bene ne ya kira shi ya ce tsohuwa ta fara mantuwa, ta bar tukunya a kan gas har ta ƙone, shi kuwa ba zai zuba ido a ƙona masa gini ba.

Yara sun tafi makaranta. Mijin Mai Labule, Baban Biyu, mai gyaran firiji, ya fasa fita aiki don ya taya Iya ɗaure kaya. Igiya ya durƙusa nema a ƙarƙashin gado, sai hannunsa ya taɓo wani ƙunshi a can ƙurya.

"Maman Biyu."

"Na'am."

"Zo."

Ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki. Muryar ce ba ta yi mata daɗi ba. Mutumin nan ba ya ɗaga murya, idan ma ransa ya ɓaci ƙasa take ƙara yi.

Ta juyo. Ya shimfiɗa su a kan gado, labulaye masu ruwan zuma, dogaye, masu ninki biyu, ɗinkin da ba ta taɓa yi wa mai biya irinsa ba.

"Na waye waɗannan?"

"Aikin mutane ne."

"Waɗanne mutane?"

"Wata mata ce, can bayan kasuwa."

"Aikin mutane kike cusawa a ƙarƙashin gado? Ke da ko hankicin mutane ba kya bari ya kwana a ƙasa saboda danshi?"



Ya ɗaga ƙaramin cikinsu. Ba dogo ba ne kamar sauran, samansa a lanƙwashe yake.

"Na shiga gidaje da yawa da jakar aikina," ya ce. "Taga mai lanƙwasa irin wannan wuri ɗaya na taɓa gani. Tana nan saman kanmu, a falon Iya."

 Da Mai Labule ta ga ƙaryar farko ba ta karɓu ba sai ta lalubo ta biyu, wadda ta fi kama da gaskiya.

"To sai me? Ba tafiya za ta yi ba? Ai dole wani ya shiga. Na yi wa Mai Bene magana ya ce ya ba mu. So nake sai komai ya kankama in faɗa maka."

"Yaushe kika ɗinka su?"

"Cikin makon nan."

 Ya buɗe ninkin ɗaya daga cikin dogayen, ya matso da shi ƙarƙashin ƙwan lantarki. Baƙin ɗigo-ɗigo ne jere a kan layin ninkin, ya ci har cikin yadin.

"Kullum ina buɗe firijin da aka rufe aka manta da shi," ya ce. "Na san funfunar mako ɗaya, na san wadda ta daɗe. Wannan ta daɗe, Maman Biyu. An ɗinka labulen nan tun kafin kowa ya yi maganar tafiyar Iya."

Ta zauna a bakin gado.

"Yaya aka yi kika auna?"

"Baban Biyu, don Allah."

"Tambayarki nake."

"Da kamun hannu," ta ce a hankali. "Ranar da nake goge mata gilasai."

"Ranar da take zaune tana sa miki albarka."

Ta sunkuyar da kai. Haka aka yi kuwa. Tana miƙa hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan, tsumma a hannunta, bakinta yana ƙirga a ɓoye, tsohuwa tana bayanta tana cewa Ubangiji ya ba ki masu yi miki, 'yata.

Ya ninke ƙaramin labulen ya ajiye. Sannan ya jawo kujerar yara ya zauna a gabanta, gwiwa da gwiwa.

"Saura tambaya ɗaya, kuma ina roƙon Allah amsar ta zama ba wadda nake tsoro ba. Maganar tukunyar nan mu uku muka sani. Ni, da ke, da Iya. Ni ban faɗa ba. Iya ba za ta kai ƙarar kanta ba."



"Ban yi mata ƙarya ba," ta ce. "Tukunyar ta ƙone ko ba ta ƙone ba?"

"Ta ƙone."

"To abin da na faɗa ke nan."

"Kin faɗa masa abin da ya sa ta ƙone?"



Ku da kuke biye da mu kun sani, wanda ya manta kuma in tuna masa. Ran nan ƙirjin ƙaramar 'yan biyun ne ya toshe, numfashi ya ƙi fita, leɓɓanta suka fara sauya launi. Mai Labule ta fito tsakar gida tana ihu. Iya ta Sama, da gwiwoyinta masu ciwo, ta sauko matakala ba takalmi, ta ɗora yarinya a cinyarta tana shaƙa mata magani har numfashi ya dawo. Wa zai tuna da tukunya a irin wannan lokaci? Da ƙauri ya cika gidan Baban Biyu ne ya haura ya kashe gas. Iya ta riƙe hannunsu ta ce kada ɗana ya ji, dama dalili yake nema ya ɗauke ni. Suka ce ba mai ji.

"'Yarmu ta je ceto," ya ce. "Ke kuma kika ɗauki tukunyar kika kai wa Mai Bene, kika bar 'yar a gida."

Sai ta fashe. Ba kukan nadama ba ne tukuna, kukan wanda aka ritsa ne.

"Kai ba ka wuni a ɗakin nan! Da safe ka ɗauki jaka ka fita ka sha iska, ni nake zama da warin bangon nan. Ni nake jin ƙirjin yarinyar nan yana kuka kamar an taka ɗan kyanwa. Idanuna sun fara mutuwa a kan keke. Sai in hau sama in tarar da rana kwance a ƙasan ɗaki, tagogi ta ko'ina, mutum ɗaya tal a ciki, ita da kujerunta. Mu huɗu a rami, ita kaɗai a haske. Na yi addu'a, Baban Biyu. Na yi azumi. Me Allah ya ba ni? Funfuna!"

Ya bar ta ta yi mai isarta. Idonsa shi ma ya kaɗa, domin maganar ta taɓa inda yake masa ciwo. Namiji ne da ya kasa fitar da iyalinsa daga ɗaki mai danshi, kuma ya sani.

"Duk abin da kika faɗa gaskiya ne," ya ce. "Laifina ne da yawa a ciki. Kina tsammani ni ba na kallon tagogin nan? Ina kallo. Son fita daga ɗakin nan ba zunubi ba ne, ni ma ina so, kullum ina roƙo."

"To me ya sa kake kallona kamar na kashe mutum?"

"Domin akwai ranar da kika hau sama kika daina ganin Iya, kika fara ganin tagogi. Tun daga ranar, duk safiyar da ta tashi lafiya ke asara kika ɗauke ta."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Ta tuna lokacin da Iya ta kwanta zazzaɓi, ta tuna yadda ta kai mata shayi tana yi mata sannu, da kuma abin da ta ji a ranta da ta ga tsohuwa ta miƙe ta warke. Ba murna ta ji ba. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko kanta ba ta yarda ta faɗa wa ba.

"Kin tuna koyarwar Fasto a kan doka ta goma?" ya ce. "Ya ce sauran dokokin sai ka motsa hannu ko baki kafin ka karya su. Ita wannan kana zaune a majami'a, hannunka a sama kana waƙa, kana karya ta, na kusa da kai bai sani ba. Ya ce ƙyashi ba ya zama shi kaɗai, sai ya aiki harshe, ya aiki ƙafa."

Ta tuna mana. Ita ce ma ta fi kowa ɗaga murya da Amin a ranar, har matar da ke gefenta ta waiwayo. Mutum dai da wa'azi, kullum sai ya ga da maƙwabcinsa ake.

"Ya ce wadar zuci ba wai ka ce ɗakinka ba ya yoyo ba ne," Baban Biyu ya ci gaba. "Ka faɗa wa Ubangiji yana yoyo, ka nemi mafita da hannunka, amma ka bar na wani a hannun wani. Mu mun nemi mafita ta cikin jikin tsohuwa."

"Ba mu ba. Ni."

"Ni mijinki ne. Da na kwana cikin labulen nan ai ni ma na ci moriyarsa."

Ta share fuska da gefen zani.

"Yanzu me kake so in yi?"

"Ki hau ki faɗa mata. Kafin matan zumunta na majami'a su zo yi mata addu'ar sallama, kafin ɗanta ya iso. Idan ya ji dalilin da ya sa tukunyar ta ƙone, ya ji ba mantuwa ba ce, wataƙila ya bar ta."

"Idan ya bar ta, ɗakin fa?"

Tambayar ta fita kafin ta kama ta. Ita kanta sai da ta toshe baki.

Ya daɗe yana kallonta. Ba fushi a fuskarsa, tausayi ne, kuma shi ya fi yi mata zafi.

"Kin ji ko?" ya ce. "Har yanzu ƙyashin yana nan da rai."

Ya miƙe ya ɗauki igiyarsa.

"Ba zan faɗa a madadinki ba. Amma ki sani, ƙafata ba za ta kwana a ɗakin can ba."

*

Matakalar nan Mai Labule ta hau ta ba adadi, da kwanon abinci, da yara a hannu, da tsumman goge gilashi. Yau kowane taku sai ta tsaya ta huta.

Ƙofar a buɗe take. An kwashe hotuna daga bango, an bar inuwarsu. Kwalaye jere a gefe, an sauke tsofaffin labulaye, tagogin sun fito tsirara. Ruwa ya ɗan tsagaita, wani farin haske ya shigo ya kwanta a ƙasan falon.

Abin kunya ne, amma sai na faɗa. Da duk kukan da ta sha a ƙasa, idonta yana sauka a kan hasken nan sai da zuciyarta ta ce, nan keke zai zauna.

"'Yata, ke ce? Shigo mana, kin tsaya kamar baƙuwa."

Iya ta Sama tana kan kujera ɗaya da ta rage, ta yafa mayafin sanyi, ƙafafunta a kumbure. Cikin 'yan kwanakin nan ta zabge, wuyanta ya fito.

Mai Labule ta durƙusa a gabanta.

"Ina kwana, Iya."

"Lafiya lau. Me ya sami idonki? Kuka kika yi?"

"Iya, akwai maganar da..."

"Kul. Kada ki fara, in kin fara ni ma zan fara, kuma na yi wa Ubangiji alkawari ba zan bar gidan nan da hawaye ba. Tashi ki zauna a kan kwalin nan, littattafai ne, ba za su fashe ba."

Ta zauna. Tsohuwa ta kamo hannunta ta riƙe a cinya.

"Ki saurare ni da kyau. Idan ƙirjin yarinyar nan ya tashi kada ki kwantar da ita, ki zaunar da ita ta ɗan sunkuya. Kada ki yi ihu a gabanta, tsoro yana ƙara toshe shi. Maganin shaƙar kada ya ƙare kafin ki sayi wani. Kin ji ni?"

"Na ji, Iya."

"Ba ki ji ba, kin cika ruɗewa. Shi ya sa na so in kasance kusa."

Mai Labule ta buɗe baki. Kalmomin suna nan a maƙogwaro, gajeru ne ma. Amma hannun da ke riƙe da nata yana da ɗumi, ta ce a ranta bari ta gama magana tukuna.

Iya ta kalli tagogin ta yi ajiyar zuciya.

"Kin san abin dariya? Shekara da shekaru ina koya wa matan zumunta wadar zuci. Ina ce musu wanda yake da Ubangiji, in an ƙara masa bai ƙaru ba, in an rage masa bai ragu ba. Baki ya iya faɗa. Yau ga jarrabawa ta zo, malama tana neman faɗuwa. A ɗakin nan maigidana ya cika. A bakin tagar can nake addu'ar safe. Yanzu za a kai ni inda ban san kowa ba, a ajiye ni a ɗakin baƙi, a riƙa ɓoye mini ashana kamar ƙaramar yarinya."

"Iya, ai ba ki da mantuwa."

"Ke kin sani, ni na sani. Na faɗa wa ɗana yadda aka yi, ya ce haka masu mantuwa suke cewa. Ya ce in da gaske ne me ya sa na ɓoye masa?"

"Da wani zai tsaya ya ba da shaida..."

"Na so in ce ya tambaye ku. Sai na ga kada in jefa ku cikin rigima da Mai Bene, ku da kuke lallaɓa zamanku. Ya kore ku ku je ina da yara?"

Mai Labule ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tsohuwa tana kare ta, ita da ta haƙa ramin.

"Ba wannan ne ma ya fi ci mini rai ba," Iya ta ce. "Akwai abin da na ɓoye miki, na so ya zama albishir. Gwiwoyin nan sun gama aiki, matakala ta fi ƙarfina. Tun ranar da na ga yarinyar nan tana neman numfashi na yanke shawara. Na ce da zarar damina ta wuce zan sa ɗana ya gyara bangon ɗakinku, ya fasa wata taga, ni in sauko ƙasa, ku ku hau nan. Ni ƙirjina lafiya lau, ƙafa ce ba ni da ita. Ku kuna da ƙafa, iska kuke nema. Kin ga kowa ya huta, kuma ina kusa da jikokina."



"Iya... musanya?"

"Musanya. Har na fara rage kaya a hankali. Da wannan abu ya taso na ce to, ko ba ni nan ai sai ku samu. Na sa aka kira mini Mai Bene na roƙe shi, na ce ka ba Maman Biyu ɗakin nan saboda yarinya. Kin san abin da ya ce?"

Ta girgiza kai. Ƙarya ce, ta sani.

"Bai ma bari na rufe baki ba. Ya ce kada in wahalar da kaina, an kama ɗakin tun tuni. Ya yi alkawarinsa ga wanda ya faɗakar da shi maganar tukunya, wai ya ceci gininsa. Na ce waye? Ya yi dariya ya ce amana ce." Muryarta ta karye. "An riga ki, 'yata. Wanda ya kore ni shi ya ƙwace miki. Ki yafe mini, na yi jinkiri."

"Kada ki ce haka, Iya. Don Allah kada ki ce haka."

"Dole in ce. Ni da nake koyarwa, kwanakin nan ƙiyayya nake kwana da ita. Ina bin mutanen gidan nan ɗaya bayan ɗaya a raina, ina cewa ko wannan ne ya ji ƙauri, ko wancan ne. Har gaisuwar mai gadi na daina amsawa da kyau. Ke da mijinki kaɗai na tsame. Ba na so in shiga mota da wannan kaya a ƙirjina."

Yanzu ne. Ba wani lokaci sai yanzu. Mai Labule ta zame daga kan kwali ta durƙusa, ta ɗago ido.

"Iya, ni..."

"Salama a gidan nan!"

Matar Fasto ce a bakin ƙofa tana kakkaɓe lema, matan zumunta uku a bayanta. Falon ya cika da gaisuwa da sannu da ƙarar takalma. Baban Biyu ya shigo a bayansu da igiya a kafaɗa. Ya kalli matarsa, ta kawar da kai, ya gane ba ta faɗa ba. Ya jingina da bango.

Aka yi waƙa ɗaya a hankali, rabin matan suna share ido. Matar Fasto ta gyara murya za ta fara addu'a, Iya ta ɗaga hannu.

"Uwargida, ki yi mini alfarma. Ke ki yi ta tafiya. Amma akwai wata addu'ar da nake so a fara yi, kuma 'yata nake so ta yi."

"To, Iya."

"A yi wa wanda ya kai ƙarata. Na gwada ni kaɗai bakina ya ƙi. A roƙa masa gafara, a roƙa masa albarka a cikin ɗakin nan, kada ya shiga da la'anata. In na ji daga bakin da na yarda da shi, zan iya cewa Amin."

Matan suka yi ta gyaɗa kai. Ɗaya ta ce kai, Iya, ke dai ta Allah ce. Aka kama hannu aka yi da'ira. Iya ta riƙe hannun Mai Labule da hannayenta biyu. Kowa ya rufe ido.

Mai Labule ba ta fara ba sai da matar Fasto ta ɗan taɓa ta da gwiwar hannu.

"Ya Uba..." Muryar da ta fito ba tata ba ce. "Ya Uba mai jinƙai. Ga mu a gabanka. Muna roƙo domin... domin wannan mutum."

"I, Ubangiji," in ji matan.

"Ka san shi. Ba abin da yake ɓoye a gare ka. Ka ba shi abinci, ka ba shi sutura, ka ba shi masu ƙaunarsa, bai gani ba. Idonsa yana kan abin da ba nasa ba."

"Ka yi jinƙai."

"An ƙaunace shi kamar ɗan ciki. Ya ci, ya sha, ya..." Kuka ya ƙwace mata. Matan suka ɗauka zafin rabuwa ne, wata ta shafa bayanta. Iya ta ƙara matse hannunta.

Mai Labule ta ja numfashi. Ta gaji. Ko me zai faru ya faru, ba za ta iya ci gaba da yi wa Allah ƙarya a gaban idonsa ba.

"Ya Uba, ba wani mutum ba ne. Wanda ya yi wannan abu..."

Ƙwanƙwasa ƙofa aka yi da ƙarfi, irin ta wanda ya san ginin nasa ne.

"A gafarta mini, masu addu'a, sauri nake."

Idanu suka buɗe. Mai Bene ne, da tumbinsa da wayarsa a hannu, yana ƙare wa bango da silin kallo ko an fasa masa wani abu. Sai idonsa ya sauka a kan mata biyun, hannu cikin hannu. Fuskarsa ta washe.

"A'a! Ashe ma kun daidaita. To madalla, kun hutar da ni, dama riƙon amana wahala yake ba ni. Iya, in kin tashi tafiya ba sai kin aiko mini da makulli ba. Ki miƙa wa Maman Biyu hannu da hannu, tun da ita na yi wa alkawari."

 Igiyar da ke kafaɗar Baban Biyu ta zame ta faɗi ƙasa.

Iya ba ta fizge hannunta ba. Yatsun ne suka riƙa buɗewa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har hannun Mai Labule ya rage shi kaɗai a kan cinyar tsohuwa.

Ta juyo ta dube ta, ta daɗe tana dubanta.

"'Yata," ta ce, muryarta can ƙasa. "Ƙarasa addu'ar. Waye?"